Sabisberi: dasa shi da kula da shi a lambun gida

Sabisberi ƙaramin itace ne mai 'ya'ya, ɗan jinsin Amelanchier, dangin tuffa. Yawancin ire-irensa asalinsu Arewacin Amurka ne. Wanda aka fi shukawa don ci shi ne Amelanchier alnifolia, wato saskatun, na yammacin Kanada da arewa maso yammacin Amurka. Tun da can mutanen asali na yankin suna busar da 'ya'yansa su haɗa da busasshen nama da kitse su yi guzuri. Yana fitar da farin fure a Afrilu ko Mayu, 'ya'yan su nuna a Yuni ko Yuli, daga ja su koma shuɗi mai duhu. Itacen sanyi ne. Sai ya sha dogon sanyin hunturu kafin ya yi fure, shi ya sa ba ya haihuwa a ƙasashe masu zafi.

Wuri da dashe

Yana jure 'yar inuwa, amma wanda ke son 'ya'ya ya ba shi rana ta awa 6 ko fiye. Ƙasar ta zama wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, mai ma'aunin tsami, wato pH, tsakanin 6 da 7. A guji kwari, domin nan iska mai sanyi ke taruwa, jaura ta ƙone furen da ya buɗe da wuri, a rasa amfanin shekarar.

Ana dashe a farkon bazara, da zarar hunturu ya wuce, ko a kaka. A haƙa rami mai faɗin tushen saiwar ninki biyu, zurfinsa daidai da yadda dashen yake a tukunya. Idan saiwoyin sun nannaɗe, a warware su da hannu. A mayar da ƙasar ramin, a ba shi ruwa ya ƙoshi, sannan a shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8, kada ya taɓa gindin. In shinge ake so, tazarar mita 1 zuwa 1.5 ta isa. Tushe ɗaya ma yana haihuwa shi kaɗai.

Shekaru biyun farko su ne masu wuya. Dashen na buƙatar ruwa kwatankwacin ruwan sama na kusan santimita 2.5 a mako, kuma ciyawa ce babbar abokiyar gabarsa, don tana kwashe danshi kafin saiwa ta kama. Taki kaɗan ya wadatar. Yawan sinadarin naitirojin na cikin taki na sa rassa masu laushi da cuta ke saurin kamawa. Yakan fara 'ya'ya a shekara ta 3 ko ta 4, ya kai ganiya wajen ta 7 ko ta 8.

Aski

'Ya'yan na fitowa ne a reshen bara, don haka ba a yi masa aski na bai ɗaya. A ƙarshen hunturu, kafin toho, a cire matattun rassa da masu gogar juna, a sare kaɗan daga tsofaffin sanduna tun daga ƙasa, sababbin da ke tsirowa daga gindi su maye gurbinsu. Waɗannan tsire-tsiren gindi su ne hanya mafi sauƙi ta samun sabon dashe. Iri kuwa sai ya yi kusan wata 3 cikin sanyi da danshi kafin ya tsiro.

Abin da ke ɓata shi

Cutar tsatsa ce ta fi yawa: ɗigo-ɗigo ruwan lemo a ganye, 'ya'yan su lalace da wani gari mai launi iri ɗaya. Fumfunar da ke jawo ta tana rayuwa ne tsakanin itace biyu, junifa (wani itace da ba ya zubar da ganye duk shekara) da sabisberi, saboda haka kada a dasa su kusa da juna. Akwai kuma tabon ganye na fumfunar Entomosporium, wanda ke ƙaruwa a shekara mai yawan ruwa. Maganinsa kwashe ganyen da ya zuba, buɗe tsakiyar itacen iska ta ratsa, da ba da ruwa a gindi maimakon yayyafi ta sama. Idan kan reshe ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar wuta ta lashe shi, bakteriyar Erwinia amylovora ce. A yanke shi santimita 30 ƙasa da inda cutar ta tsaya, a tsabtace almakashin bayan kowane yanka.

Zomaye da ɓeraye na gaigayar ɓawon ƙananan itatuwa da hunturu, sai a kewaye gindin da ragar waya. Tsuntsaye kuwa na iya cinye 'ya'yan cikin kwanaki kaɗan. A rufe itacen da raga da zarar sun fara ja, a ɗaure ta a ƙasa kada tsuntsu ya shiga ya maƙale, a jira su yi duhu su yi laushi kafin a tsinka.