Fara Judo Ko Da Shekaru Sun Ja: Tambayoyi da Amsoshi

Mai shekara 40 ko 50 zai iya fara judo, wato kokawar Japanawa?

Ƙwarai kuwa. Yara kan fara tun suna shekara 5 ko 6, amma ba a rufe wa kowa ƙofa, har gasar manya ake yi wa 'yan shekara 30 zuwa sama. Babba ya fara da zuwa sau 2 a mako, ya ɗauki minti 10 zuwa 15 yana motsa wuya, kafaɗa da gwiwa kafin a shiga kamu. Mai hawan jini, ciwon baya ko tsohon rauni a gwiwa ya fara ganin likita.

Me ake fara koya?

Faɗuwa, wadda Japanawa ke kira ukemi. Malamin da ya bari aka fara ka da kai tun ba ka iya faɗuwa ba, ka nemi wani. In za ka faɗi ta baya, ka manna haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka fitar da numfashi, ka mari katifa da dukan tsawon hannu, hannun ya ɗan buɗe daga jiki. Marin nan shi ke rarraba ƙarfin buguwa. A kwance ake fara gwadawa, sai a zaune, sai a tsugune, kana a tsaye.

Kuskure biyu ne suka fi jikkata sabon shiga. Na farko dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu: nauyin jiki duka sai ya sauka kan wuyan hannu ko gwiwar hannu, a samu targaɗe ko karaya. Na biyu sakin wuya, ƙeya ta bugi ƙasa. Wanda ya manyanta ya ba wannan darasi makonni, kada ya ji kunyar maimaitawa.

Ƙarfi ne ke ka da mutum?

A'a. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, ya gina wasan kan amfani da ƙarfi inda zai fi tasiri. Kaye mataki uku ne: ka raba abokin karawa da daidaitonsa, ka shiga jikinsa, ka ƙarasa. Ɗauki osoto-gari. Hannun dama a kwalarsa, na hagu a hannun rigarsa. Ka taka ƙafar hagu gefen ƙafarsa ta dama, ƙirji da ƙirji, ka mayar da nauyinsa kan diddigen nan, sannan ka shari ƙafar ta baya da ƙafarka ta dama. In ka shara nauyinsa bai koma can ba, kai zai juya wa kayen.

Yaya ake cin wasa?

Minti 4 ake yi. Ippon, wato cikakken maki, na ƙare wasa nan take: kaye mai kyau bisa gadon baya, ko danne mutum daƙiƙa 20, ko ya sallama saboda shaƙa ko murɗin gwiwar hannu. Waza-ari, wato rabin maki, in aka samu biyu ippon ne. Gargaɗi uku kuma, an fitar da kai.

Ɗan kokawa zai ga sauƙi?

Zai zo da ƙarfin ƙugu da iya tsayuwa. Sai dai a gasar judo an hana kama ƙafa da hannu, riga ake riƙewa, kuma ana ci gaba da fafatawa a ƙasa.

Kayan da za a tanada fa?

Riga mai kauri, wando da farar ɗamara. A yanke farce, a cire zobe da agogo, kuma ba a hawa katifa da takalmi.