Abarba a Nijar: tarihin shigowarta kasuwannin Yamai da Tahoua

Abarba, wadda wasu mazauna Yamai ke kira anana da sunanta na Faransanci, tana cikin kayan marmarin da Nijar ke sha amma ba ta nomawa, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Kusan duk wadda ake gani a kan teburin masu kayan marmari ta fito ne daga ƙasashen gaɓar teku, musamman Jamhuriyar Benin da Najeriya. Shi ya sa yawanta ko ƙarancinta a kasuwa yake bin halin da hanya da iyaka ke ciki fiye da yadda yake bin damina.

Asali da suna

Sunanta na kimiyya Ananas comosus. Asalinta Kudancin Amurka ne, yankin kogunan Parana da Paraguwai. Turawa sun fara ganinta a 1493 a tsibirin Gwadalup, kuma ana kyautata zaton ƴan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma a cikin ƙarni na 16. Kalmar abarba ta yi kama ƙwarai da sunan da Asantawan Gana ke kiranta da shi. Mai yiwuwa fataken goro da ke zuwa Gwanja da Salaga ne suka dawo da sunan ƙasar Hausa, tun kafin ita kanta abarbar ta zama abin sayarwa a kasuwannin arewa.

Abin da ya hana ta yi a Nijar

Abarba na son ruwan sama na milimita 1,000 zuwa 1,500 a shekara, da raɓa, da zafi madaidaici. Yamai na samun kamar milimita 550, Tahoua kuwa ba kasafai take kai 400 ba. Tsiron yana iya jure ɗan fari, amma yakan fi shekara guda a gona kafin ya yi ɗa, ke nan sai ya ratsa zafin Afirilu da Mayu da ke wuce digiri 40, wanda ke ƙona shi. Ko a Gaya, inda ruwa ya fi yawa, mangwaro da lemu da rake ne suka kama ƙasa.

Daga zamanin Turawa zuwa yau

Yamai ta zama babban birni a 1926, kuma a lokacin samun ƴancin kai a 1960 mazaunanta ba su wuce kamar 30,000 ba. Masu cin abarba a wancan zamani ƴan kaɗan ne: Faransawa, manyan ma'aikata, da baƙi ƴan Dahome da Togo da suka saba da ita tun daga gida. Kaya daga Kwatano sukan hau jirgin ƙasa zuwa Paraku, a sauke su a loda wa manyan motoci zuwa Malanbil, su ƙetare kogin Kwara su shiga Gaya, sannan Dosso, sannan Yamai. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Ga ɗan itacen da ke ruɓewa cikin kwanaki, wannan nisa shi ne ya daɗe yana ƙayyade komai.

A shekarun 1970 da 1980 Kodebuwa ce gaba a fitar da abarba zuwa waje a yankin, sai dai idonta na kan kasuwar Turai. Kasuwar ta suɓuce mata bayan da irin MD2 na Kosta Rika ya mamaye Turai daga ƙarshen shekarun 1990. A daidai wannan lokaci noman ya bunƙasa a kudancin Benin, a tudun Alada, har ya haura tan 300,000 a shekara cikin shekarun 2010. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya tsauwala tsadar kayan da ke zuwa daga wajen yankin kuɗin, amma bai taɓa cinikin Benin da Nijar ta wannan fuska ba, tunda kuɗinsu ɗaya ne. Ga kuma ƙaruwar jama'a: ƙidayar 2012 ta samu Yamai da mutum fiye da miliyan 1, ƙasar baki ɗaya da miliyan 17. Abarba ta fito daga teburin masu hali ta koma abin da ake ferewa a yanka, a sayar a baro a bakin titi.

Iri biyu Benin ke turowa. Pain de sucre doguwa ce mai tsini, farin ciki gare ta da zaƙi sosai, kuma bawonta yakan zauna kore ko ta nuna, abin da ke sa wanda bai san ta ba ya ɗauka ɗanya ce. A 2020 OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, ta yi wa ta Alada rajistar shaidar asali. Ɗayar ita ce Cayenne lisse, mai jiki da ɗan tsami. Abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta, don haka dillali ba ya da damar sayen ɗanya ya bar ta ta nuna a hanya kamar ayaba.

Tahoua ta fi kallon kudu. Kayan marmarinta da yawa suna shigowa ta Illela da Birnin Konni daga kasuwannin Sakkwato, wasu kuma su biyo ta Dosso.

Rufe iyakoki

Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta bar ta Benin a rufe. Hukumomin Yamai sun ce dalilin tsaro ne, gwamnatin Benin ta musanta zargin. Kaya suka koma ƙetare kogi a kwalekwale, kowane lodi da saukewa da kuɗinsa, kuma kowace kwana ɗaya a rana asara ce ga mai abarba.

Alƙaluma

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na lissafin wadatar abinci na ƙasashe tun daga 1961: a haɗa abin da aka noma da wanda aka shigo da shi, a cire wanda aka fitar da wanda ya lalace, a raba da yawan jama'a. Rabon kowane ɗan Nijar na abarba a wannan lissafi ƙanƙane ne. Lissafin yana dogara da takardun duwan, alhali abarbar da ke zuwa a saman motar fasinja ko cikin kwalekwale ba ta cika shiga takarda ba. Kuma rabawa da jama'ar ƙasa duka yana ɓoye cewa birane ne ke shanye mafi yawanta.

Amfani

Ana shan ta ɗanya, ana matse ruwanta, ana dafa bawonta cikin zoɓo. Ciniki ya fi tashi a watan azumi, wajen buɗa baki.