Toshewar maɗaciya a lokacin juna biyu

Toshewar maɗaciya a lokacin juna biyu, wadda likitoci ke kira kolestasis na masu ciki, larura ce ta hanta da ke hana ruwan maɗaciya gudana zuwa hanji yadda ya kamata. Sai sinadaransa su taru a cikin jini, mace ta kama ƙaiƙayi mai tsanani. Yawanci takan taso ne a watanni uku na ƙarshen ciki.

Tarihi

Ana danganta bayaninta na farko ga likitan Jamus, Friedrich Ahlfeld, wanda a 1883 ya rubuta labarin shawara mai dawowa da kowane ciki, ta kuma tafi bayan haihuwa. Daga nan aka daɗe ba a waiwaye ta sosai ba, sai wajen tsakiyar shekarun 1950, lokacin da likitoci a Suwidin, irin su Svanborg da Thorling, suka nuna cewa ƙaiƙayin ne babbar alama, shawara kuwa ba kowa ke yi ba. A shekarun 1970 hankali ya koma Chile, inda aka tarar larurar ta yi yawa ƙwarai, musamman a tsakanin matan ƙabilar Mapuche. Wani bincike ya nuna larurar na kama sama da kashi 25 cikin 100 na masu cikin wannan ƙabila. Abin lura shi ne yawan ya ragu matuƙa a shekarun da suka biyo baya. Wasu masana na danganta hakan da canjin abinci, musamman sinadarin seleniyum, amma ba a yi ittifaƙi ba. A Birtaniya bai kai mace 1 cikin 100 ba, sai dai ya fi haka a matan da asalinsu Indiya ne ko Pakistan.

Alamomi da sanadi

Ƙaiƙayin yakan fara daga tafin hannu da tafin ƙafa, ya tsananta da dare har ya hana barci. Babu ƙuraje, sai tabon susa. Fitsari kan yi duhu. Sanadin haɗaka ne na gado da yawan sinadaran jiki na masu ciki, shi ya sa mai ɗauke da tagwaye ta fi kamuwa.

Haɗari da magani

Uwa takan warke cikin kwanaki ko 'yan makonni bayan haihuwa, ko da yake larurar kan dawo a ciki na gaba. Fargabar ta jariri ce: haihuwar bakwaini, yin kashin farko a cikin mahaifa, ko mutuwa a ciki. Wani nazari da aka buga a 2019 ya nuna haɗarin mutuwar yana hauhawa ne idan ma'aunin sinadarin maɗaciya a jini ya kai maikuromol 100 a kowace lita, don haka ake sa naƙuda wajen mako na 35 zuwa 36 ga irin waɗannan mata. Gwajin jini a wurin awon ciki ne ke tabbatar da cutar, ya kuma bambanta ta da ciwon hanta na ƙwayar cuta.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne ursodiol. Yana ɗan rage ƙaiƙayi. Amfaninsa ga jariri kuwa ana saɓani a kai.