Yadda sitiroyid ya baro filin gasa ya faɗa hannun samari

A 1935 masana kimiyya a Turai suka yi nasarar haɗa testosteron, sinadarin da ke ba namiji gemu, kaurin murya da ƙarfin tsoka. Magani aka nufa da shi, don mazan da jikinsu ba ya samar da isasshe. Ba a jima ba 'yan wasa suka ƙyalla ido. A gasar ɗaga ƙarfe ta duniya ta 1954 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita Ba'amurke, John Ziegler, ya ji cewa allurarsa ake yi wa 'yan Tarayyar Sobiyet. Da kamfanin magunguna na Ciba ya fitar da ƙwayar Dianabol a 1958, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira sitiroyid, masu kwaikwayon testosteron wajen gina tsoka, sai Ziegler ya riƙa ba 'yan ƙasarsa.

Jamus ta Gabas ce ta kai abin maƙura. Gwamnati da kanta ta riƙa ɗirka wa dubban 'yan wasa ƙwayoyi, har da ƙananan 'yan mata, ana ce musu bitamin ne. An fara gwajin sitiroyid a gasar Olamfik a 1976. A 1988 asirin Ben Johnson na Kanada ya tonu, aka ƙwace zinarensa na tseren mita 100, sannan a 1990 Amurka ta sa waɗannan magunguna cikin waɗanda doka ta tsaurara.

Duk wannan tsaro 'yan gasa ya fi shafa. Yau akasarin masu sha ba kofi suke nema ba, ƙirji da damtse suke so, irin na hotunan da suke gani a intanet, kuma babu mai gwada fitsarinsu. Kayan ma sau da yawa haɗin bayan fage ne, abin da ke rubuce a kwalba daban, na ciki daban.

Jiki kuwa ba ya yafewa. Da ya ga sinadarin na shigowa daga waje, sai ya rage yin nasa: maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani har nono ya fito masa. Ga ƙuraje, sanƙo da saurin fushi, ga hawan jini, lalacewar hanta da kaurin tsokar zuciya, wanda kan kashe matashi farat ɗaya. Yaron da bai gama girma ba, tsayinsa na iya tsayawa. Wanda ya daina kuma yakan yi watanni cikin kasala, baƙin ciki da mutuwar sha'awa kafin jikinsa ya farfaɗo, abin da ke mayar da da yawa kan allurar ke nan.