Makaman kakkaɓo tauraron ɗan adam: ga amsoshin, a daina maimaita min

Wai da gaske ana iya harbo tauraron ɗan adam daga ƙasa?

Eh. Amurka, Rasha, China da Indiya duk sun gwada a kan nasu. Na faɗa na sake faɗa.

To ai nasu suka fasa, ina ruwan wani?

Haba malam, tarkacen ba faɗowa yake nan take ba, zagaya duniya yake ci gaba da yi da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, ko ɗan guntu kamar ƙusa ya samu wani tauraron ya gama masa aiki. China ta fasa tsohon tauraronta na hasashen yanayi a 2007, gutsattsari sama da 3,000, da yawansu har yau suna can sama. Gwajin Rasha kuwa a Nuwamban 2021 sai da ma'aikatan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) suka ruga suka fake cikin kumbonsu, har da Rashawan kansu.

Babu doka ne?

Akwai yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, amma makaman ƙare dangi kawai ta hana jibgewa a sararin samaniya.

To me ya hana a zauna a haramta su gaba ɗaya?

Yauwa, wannan ce tambaya. Matsalar ita ce me za a kira makami tukuna? Makamin da Amurka ta harbo tauraronta da shi a 2008, SM-3, asalinsa na tare makamai masu linzami ne, wa zai yarda ya rabu da irinsa? Haka tauraron da ke da hannun janyo matattun taurari don share hanya, shi ɗin dai zai iya janyo mai rai, kuma daga ƙasa da wuya ka gane niyyar mai shi. Rasha da China sun kawo daftarin yarjejeniyar hana jibge makamai a sararin samaniya a 2008, Amurka ta ƙi, ta ce bai taɓa makaman da ake harbawa daga ƙasa ba kuma babu hanyar tantancewa. A 2022 ita Amurkan ta ce ta daina gwajin fasa tauraro da makami mai linzami daga ƙasa, ƙasashe 155 suka goyi bayan haka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Rasha da China suka ƙi, Indiya ta ƙaurace. A ganina hana gwajin da ke barin tarkace shi ya fi yiwuwa tunda radar na ganinsa, amma fa ƙudurin ba ya tilasta wa kowa, kuma wanda ya riga ya gwada nasa ba abin wahala ba ne ya ce a daina.

GPS ɗina zai mutu kenan?

Kwantar da hankalinka. Taurarin GPS suna wajen kilomita 20,000 a sama, gwaje-gwajen nan ko 1,000 ba su kai ba. Toshe sigina da kutse sun fi kusa da kai, kamar kutsen da aka yi wa Viasat, kamfanin intanet ta tauraron ɗan adam, ranar da Rasha ta afka wa Yukren a 2022.