Lakadan ko Ajalan: Waiwaye kan Sadaki a Kotunan Zamfara

A wurin ɗaurin aure a Gusau ko Talata Mafara, da zarar waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, sai sanƙira ya ɗaga murya: an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki naira kaza, lakadan ba ajalan ba. Lokacin hankalin jama'a ya koma kan goro da dabino. Amma ranar da auren ya je gaban alƙali, wannan magana ce za a fara tonowa, a nemi waɗanda suka ji ta da kunnensu.

Hukuncin da ake yi da ita ya girmi kowace kotun da ke jihar. Tun zamanin Daular Usmaniyya alƙalai ke yanke shari'ar aure da mazhabar Malikiyya, da littattafan Risala da Muhtasar da Tuhfa a gabansu. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun hana hukuncin yanke hannu, amma ba su taɓa aure da saki da gado ba. A 1968 kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma kotunan yanki. Zamfara ta samu jiha a 1996, a ranar 27 ga Oktoban 1999 kuma Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kotunan Shari'a suka maye gurbin na yanki. Sabon abin da ya shigo a lokacin ɓangaren laifuka ne. Sadaki yana nan yadda Halilu, marubucin Muhtasar, ya rubuta shi. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin al'amuran aure.

Abin da ya yi ta canzawa shi ne kuɗin. An biya sadaki da wuri, an biya da fam da sule, daga 1973 aka koma naira, Fulani kuwa har gobe da saniya suke yi. Ma'aunin dai ɗaya ne: mafi ƙaranci rubu'in dinari na zinariya, ko dirhami 3 na azurfa, ko abin da ya kai ƙimarsu. Dinari giram 4.25 ne, rubu'insa ya ɗara giram 1 da kaɗan. Dirhami 3 kuwa kusan giram 9 ne na azurfa. A da biyun kunnen doki suke, yanzu zinariya ta yi wa azurfa fintinkau, shi ya sa malamai biyu kan ba da adadi biyu, kuma kowa da hujjarsa. Adadin da hukumomin zakka ke sanarwa na zinariya ne, yana hawa da sauka da kasuwa, don haka na bara ba ya yi wa bana aiki. A jihar da ake haƙo zinariya a Anka da Maru, wannan lissafi ba baƙo ba ne. Mafi yawan sadaki kuwa ba shi da iyaka. Tsohuwar Jihar Gabashin Nijeriya ta taɓa yin doka a 1956 ta ƙayyade kuɗin aure, amma a nan duk mai son rage tsadar aure lefe da bidi'o'in biki yake fuskanta, don ba mai ikon yi wa sadaki rufi.

Lakadan na nufin an biya nan take. Ajalan na nufin bashi ne, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Malikiyya ta ce dole a faɗi lokacin biya: bayan wata shida, ko bayan shekara. Idan aka ce "sai ranar rabuwa", sadakin ya ɓaci. Kafin tarewa raba auren ake yi, bayan tarewa a tabbatar da shi da sadakin misli, wato abin da ake ba mace irinta a asali da addini da kyau da dukiya a garinsu. In ba a ambaci adadi ba sam, ba tare da an yi nufin kayar da shi ba, aure ya ɗauru, sadakin misli ya hau kan miji da zarar ya kusance ta. Saki kafin kusanta rabin abin da aka ambata ne. Mutuwar ɗayansu na cika shi, haka ma zaman shekara guda a ɗakin miji.

Rigimar da ta fi cika kotu ba ta sadakin kanta ba ce. Mace ta nemi hul'i, wato ta fanshi kanta, sai miji ya zaro takarda: kuɗin na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwar uwa da uba, akwatunan lefe, kayan sa rana, har da toshin salla. Sadakin da sanƙira ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin goma na jerin ba. Asalin hul'i shi ne matar Sabitu ɗan Ƙaisu da Annabi (SAW) ya umarta ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki. Malikiyya ta yarda a fanshi kai da daidai sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama, in an yi yarjejeniya. Ta wannan ƙofa lefe ke shigowa, kuma ta nan ake cutar mata. Atamfar da ta koɗe a jikinta tana yi masa girki shekara biyar, ba adalci ba ne a lissafa mata ita da farashin yau.

Alƙalin da ya san aikinsa ba ya fara da lissafi. Yakan fara da tambayar dalili. Idan ta tabbatar da cuta, duka ko zagi ko hana ci da sha, da shaidu ko da ji-ta-ji-ta mai ƙarfi a unguwa, saki ne saboda cutarwa, ko kwabo ba za ta biya ba. In ma ta riga ta biya sannan cutar ta tabbata, a mayar mata da kuɗinta. In an rasa mai laifi, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce. Mata da yawa na faɗa wa alƙali "na gaji ne kawai" saboda kunya, da wannan kalmar kuma suke ɗora wa kansu biya.

Saura maganar wanda ya riƙe kuɗin. Sadaki na amarya ne, ba na uba ba, ko da yake mazhabar ta ɗora mata yin kayan ɗaki gwargwadon al'ada da abin da ta karɓa kafin tarewa. Duk abin da waliyyi ya gindaya a ba shi kafin a ɗaura, hukuncin sadaki gare shi. In aka yi gardama ko an biya, kafin tarewa maganarta ake ɗauka da rantsuwa, bayan tarewa tasa, sai in akwai rubutu a hannunta. Takardar da za ta raba wannan gardama ba ta wuce layi shida ba: adadi, nawa aka biya, nawa ya rage da ranar biyansa, wa ya karɓa, sunayen shaidu biyu, sai jerin lefe a wani shafi dabam, a rubuta a kansa cewa kyauta ne ko yana cikin sadaki.