Girman inji ba shi ne lafiyar jirgin ruwa ba

An daɗe ana cewa, har a bakin tafkin Jabi a nan Abuja, wai inji mai ƙarfin doki da yawa (da doki ake auna ƙarfin inji) ya fi dacewa da kowane kwale-kwale. Ba haka ba ne. Kowane jirgi da iyakar nauyin da bayansa ke ɗauka. Ka ɗaura inji mai doki 40 a ƙaramin kwale-kwale, sai baya ya nitse, gaba ya ɗaga, ruwa ya riƙa shigowa, wurin juyawa kuma ya nemi kifewa. Ga shan mai.

Yawancin jirage ƙirar kamfani suna da ɗan allo kusa da mazaunin direba, an rubuta iyakar dokin. A duba. Na katako kuwa, a tambayi maƙerinsa. Don Allah a tura wa masu jirgi.